Rijiyar Garin Abarshi

Sahabi ya daɗe yana aikin duba wuraren aiki a Gure. Duk inda ake gini, ko haƙar rijiya, ko fasa dutse, shi ake turawa ya ga ko ran ma'aikata na cikin haɗari. Mutum ne siriri mai ƙarancin magana, da matarsa Kadija da 'ya'ya uku, kuma daga Kelle har Bune ba mahaƙin rijiyar da bai san ƙarar motonsa mai ƙafa biyu ba.

A da, in ya leƙa rami ya ga abin da bai kwanta masa ba, magana ɗaya yake yi a tsaya. Sai ya kwance igiyar da ake sauka da ita, ya naɗe, ya ɗaure a bayan sirdin moto ya tafi, ba mai sake taɓa felun kwasar ƙasa sai ya dawo ya ce a taɓa. An zage shi a kan haka, an kai ƙararsa, amma doka tana bayansa.

Bara aka sake tsari. Aka haɗe biro ɗinsu, wato ofishinsu, da na masu duba tsafta da na masu kula da lafiyar ma'aikata, aka sa su duka ƙarƙashin kwamiti guda a Damagaram. Sabuwar dokar ta ce jami'in da ke daji ba shi da ikon tsai da aiki da kansa. Nasa ya duba ya sanar, kwamiti ya zauna ya yanke. An ce wasu jami'ai a wasu wurare sun mai da ikon nan hanyar ci, suna rufe aikin mutane don a zo a lallashe su, kuma ba ƙarya aka yi ba. Ranar da aka karanta musu, Sahabi bai yi gardama ba. Ya dai tambaya, in ramin na zubewa kafin kwamiti ya zauna fa? Shef ɗinsu, shugaban biron, ya ce ai akwai tarho.

Cikin tsakiyar bazara aka tura shi Garin Abarshi, wani ƙauye bayan Gamu, inda ake haƙa sabuwar rijiya. Tsohuwar ta koma ruwan kanwa, ko jaki ba ya sha. Mata na tafiya mai nisa da jarkoki, shanu kuwa sun rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Makiyaya sun ji labarin an kusa cim ma ruwa, sun koro dabbobi sun yi zobe kewaye da wurin aikin, suna zaune ƙarƙashin 'yan itatuwan da suka rage da sandunansu a kan cinya.

Wanda ya ɗauki kwangilar Alhaji Abatcha ne, ɗan kasuwa daga Gure, mutum mai jiki da fara'a, wanda ya haƙa rijiyoyi da dama a yankin ba a taɓa jin wani abu ba. Yana zaune a inuwar motarsa tare da direbansa Sha'ibu. Mahaƙan 'yan garin ne, kuma manyansu wa da ƙane: Sufiyanu, babban, shi ke riƙe da igiya a sama, Husseini kuma shi ke ƙasa yana haƙa.

Sahabi ya gaisa da kowa, ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar ya leƙa. Ƙasar yankin yashi ce zalla, don haka ana haƙa ana zura zoben siminti ya riƙe bango. Ya bi zobunan da ido har inda suka ƙare. Ƙarƙashin na ƙarshe an ci gaba da haƙa ba zobe, zurfin ya fi tsayin mutum, kuma Husseini na can ciki yana cika guga. Yashin ya yi danshi. Sahabi na kallo wani ɗan ɓangare ya saki daga bango ya zubo wa Husseini a kafaɗa, shi kuwa ya kakkaɓe ya ci gaba.

Sahabi ya tashi ya ce, "Sufiyanu, fito da ƙanenka."

Sufiyanu ya dubi Alhaji Abatcha. Alhaji ya taso yana gyara hula.

"Mushe Sahabi, lafiya?" in ji shi, da lakabin girmamawa da ake kiran ma'aikatan gwamnati.

"Ina sauran zobunan, Alhaji?"

"Kamiyon, babbar motar da ke kawo siminti, ya lalace a hanya. Yana zuwa. Kafin ya iso mun taɓa ruwa, sai a zura su gaba ɗaya."

"Bangon ba zai jira kamiyo ba. A tsaya."

Alhaji ya yi murmushi, ba na raini ba, irin na wanda ya san inda maganar za ta ƙare. "Mushe, ni ma an karanta mini sabuwar dokar. Ka duba, ka sanar. Ni kuma in Damagaram ta ce in tsaya, wallahi zan tsaya. Amma dubi mutanen nan, dubi shanunsu. Kai za ka gaya musu su ƙara jira?"

Sahabi ya koma gefe. Ya jira har aka jawo Husseini don sallar azahar. Da mutane suka juya wajen alwala, sai ya nufi ƙarfen da aka rataya igiya, ya fara kwance ta kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

Sha'ibu direba ne ya fara isa gare shi. Ya shaƙo wuyan rigarsa ta baya ya fizge shi, ya kai masa naushi a baki. Sahabi ya faɗi zaune da igiyar a hannu. Ya ji gishirin jini, ya tofar, haƙori ya fito tare da yawun. Bai saki igiyar ba. Makiyayan suka taso. Wani dogo mai rawani ya ɗaga sanda ya sauke masa a gadon baya, wani ya taka masa wuyan hannu da takalmi yana murzawa cikin yashi mai zafi.

"Shanuna biyu suka mutu jiya," in ji dogon. "Kai kana shan ruwan famfo a Gure."

Sufiyanu ne ya durƙusa ya ɓamɓare yatsun Sahabi ɗaya bayan ɗaya ya karɓe igiyar. Ya ce, "Mushe, ka bar mu mu yi aikinmu. Ba yau muka fara shiga rami ba."

Da ba don Bulama Abarshi, mai garin, ya iso da gudu irin na tsofaffi yana daka musu tsawa ba, da abin ya fi haka. Ya tsaya a kan Sahabi ya buɗe hannuwa, ya ce baƙonsa ne, duk mai son ƙara dukansa ya fara ta kansa. Mutane suka ja da baya suna gunaguni.

Sahabi ya wanke bakinsa da ɗan ruwan da Bulama ya ba shi, ya hau wani tudun yashi inda tarho ke kamawa, ya kira shef ɗinsa. Ya faɗa masa abin da ya gani da leɓe a kumbure. Shef ya saurara har ƙarshe, ya ce zai isar, amma biyu daga cikin 'yan kwamitin sun yi tafiya, ba za a zauna ba sai sun dawo.

"Shef, mutum ne a cikin ramin."

"Na ji, Sahabi. Ba ni da ikon da ba ka da shi. Ka lallashe su. Kuma kada ka sake taɓa kayan mutane, in suka kai ƙara kai ne da laifi."

Ya sauko daga tudun. Ƙarar ƙarfen igiya ta riga ta dawo, an mai da Husseini ƙasa. Bayansa na zogi, ba zai iya tuƙa moto cikin yashi ba, sai ya kwana gidan Bulama.

Da safe ya tare Husseini a hanyar rijiya. Saurayi ne kakkaura, gajere, mai yawan dariya, matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba. Ya gai da Sahabi cikin kunya, ya ba shi haƙuri kan abin da aka yi masa.

"Bar wannan," in ji Sahabi. "Kai ke ƙasa. Ka ga bangon ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Mushe."

"To?"

"Jiya da na danna hannu, ruwa ya taru a sawun. Yau ne. Matata na jego, innata ke ɗauko mata ruwan wanka a ka daga can nesa. Yau kaɗai, in na taɓa ruwa na fito, ba na komawa sai an kawo zobe."

Sahabi ya ce masa ya ɗaura igiya a ƙugu kada ya kwance ko da ta dame shi, kuma in ya ji yashi ya zubo masa sau biyu a jere ya yi kira. Husseini ya ce to. Sahabi ya koma bakin rijiyar ya zauna nesa kaɗan, ba wanda ya kula shi.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da abin ya faru. Ba wata babbar ƙara aka ji ba, wani nishi ne mai nauyi daga ƙasa, kamar an sauke buhu daga kan raƙumi. Ƙura ta taso daga bakin ramin. Igiyar da ke hannun Sufiyanu ta miƙe ta yi tauri.

Sufiyanu ya kira sunan ƙanensa, ya sake kira. Ya ja igiyar, ta ƙi motsi. Maza suka ruga suka kama tare da shi.

Sahabi ya taso yana cewa, "Kada ku ja. A ƙugunsa take, za ku karya shi."

Ba wanda ya ji. Suka ja har igiyar ta yanke wa Sufiyanu tafin hannu, sannan ta tsinke daga wajen ƙarfen, suka zube a kan juna. Sahabi ya leƙa. Inda Husseini yake tsaye ɗazu babu komai sai yashi sumul, da guntun igiya da ya nutse a tsakiya. Zoben ƙarshe ya karkace, ƙarƙashinsa ya zama kogo.

Sufiyanu ya nemi ya dira haka nan, aka riƙe shi. Sahabi ya ce a ciro ƙofofi da duk wani katako da ke garin, a tokare bangon kafin kowa ya taka ƙasa, in ba haka ba gawa biyu za a fitar. Wannan karon suka ji. Aka ɓalle ƙofar masallaci da ta gidan Bulama, aka kwance igiyoyin raƙuma aka ƙulla. Sufiyanu ya sauka, Sahabi ya bi shi da bayansa mai ciwo, suka kakkafa katakan, suka shiga kwasar yashi da ƙwarya da hannu, don felu zai iya sarar wanda ake nema. Ramin ba iska. Suna cika guga ana ja, yashin na sake gangarowa ta tsakanin katakai. Jinin hannun Sufiyanu ya ɓata duk inda ya taɓa.

Rana ta wuce tsaka kafin yatsun Sufiyanu su taɓa gashi. Suka tone fuskar. Husseini a tsaye yake, hannu ɗaya a sama, bakinsa da hancinsa cike da yashi. Sufiyanu ya sa yatsa yana ƙwaƙulo yashin daga bakin, yana hura masa iska, yana kiran sunansa a hankali. Sahabi ya taɓa wuyan, ya daɗe da hannunsa a wurin, sannan ya ce, "Sufiyanu, ya riga ya tafi."

Sai da suka ƙara tono har ƙugu kafin gawar ta zaru. Ƙafafun a jiƙe suke sharkaf. Ruwa na tsattsafowa a gurbin da suka fito.

Aka jawo gawar aka shimfiɗa a kan tabarma. Uwarsu, Kaltumi, wata tsohuwa baƙa mai ƙarfin jiki, ta ratso mutane ta durƙusa, ta share wa ɗanta fuska da gefen zanenta. Ba ta yi kuka ba. Matan da ke bayanta ne suka fasa.

A daidai lokacin aka ji an tada mota.

Daga baya Sha'ibu ya rantse cewa Alhaji ya ce su je inda tarho ke kamawa ne su kira jandarmomi da likita. Wasu suka ce gudu za su yi. Ba wanda ya tsaya tambaya a ranar. Motar ta ja baya, tayoyinta suka kafe cikin yashi, Sha'ibu ya taka ta da ƙarfi ta ƙara nutsewa. Kafin ya sake gwadawa an kewaye su.

Dutse na farko ya fasa gilashin gaba. Dogon makiyayin nan da ya doki Sahabi jiya shi ya buɗe ƙofar direba. Sha'ibu ya fito da wuƙa a hannu, ya kai sara, ya tsarge wa dogon hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Jini ya yi tsartuwa a jikin motar. Sanduna suka sauka a kan Sha'ibu ta ko'ina, wuƙar ta faɗi, ya dunƙule ya rufe kansa, ana dukansa har ya daina motsi. Wasu suka jawo Alhaji Abatcha ta ɗaya ƙofar. Hularsa ta faɗi, babbar rigarsa ta yage a wuya. Yana ɗaga hannuwa yana cewa, "Ku tsaya, ku ji ni, don Allah ku ji ni." Wani ya buga masa sanda a gwiwa ya durƙushe.

Sahabi na fitowa daga ramin ke nan, numfashi ma da ƙyar. Ya hango Sufiyanu ya bar gawar ƙanensa, ya sunkuya ya ɗauki diga, yana tafiya wajen motar ba gudu ba, kamar mai zuwa gona. Bulama Abarshi ya sha gabansa, Sufiyanu ya ture shi da kafaɗa, tsohon ya faɗi.

Sahabi ya ruga. Ya kutsa tsakanin mutane ya faɗa a kan Alhaji, ya rufe shi da jikinsa.

"Ya isa. A bar wa hukuma."

"Wace hukuma?" Muryar Kaltumi ce daga baya. Ta taso ta biyo ɗanta. "Ba kai ne hukumar ba? Ka zo ka leƙa da idonka, ka koma ka zauna kana kallo aka zura mini ɗa. Ku duka ɗaya ne."

Ba wanda ya tuna mata abin da aka yi wa Sahabi jiya. Sanda ta sauka a bayansa, daidai inda aka doke shi, wata ta same shi a kunne har ya daina jin hayaniyar, sai wani dogon ƙugi. Hannuwa na jan ƙafafunsa, yana ƙanƙame da Alhaji. Yana jin ƙirjin mutumin na bugawa ƙarƙashinsa, yana jin yana salati.

"Mushe, tashi," in ji Sufiyanu.

Sahabi ya girgiza kai.

"Tashi, na ce."

Wani ya fizgi Sahabi ta gefe, rabin jikinsa ya zame, kan Alhaji ya bayyana. Sufiyanu ya ɗaga digar. Sahabi ya miƙa hannun dama ya tare. Bakin digar ya shiga kafaɗarsa, ya ji ƙashi ya ba da ƙara kamar an karya busasshen kara, hannun ya faɗi gefe kamar ba nasa ba. Sufiyanu ya zare, ya sake ɗagawa. Ta biyun ta sami Alhaji Abatcha a gefen kai.

Sufiyanu ya saki digar, ya koma wajen tabarmar ya zauna kusa da ƙanensa. Wasu samari, da ba su san abin da za su yi da sauran fushinsu ba, suka fasa tankin motar suka cinna mata wuta. Shanu suka firgita da hayaƙin suka watse, masu su suka bi su, kuma da yawansu ba su sake dawowa ba.

Bulama ya rarrafo ya yage rawaninsa ya ɗaure wa Sahabi kafaɗa. Alhaji na numfashi sama-sama, idonsa ɗaya a buɗe. Sha'ibu ma da rai, fuskarsa ta kumbura ba a gane shi. Aka kawo amalanken shanu aka ɗora su su uku, aka kama hanyar Gamu. Sahabi na kwance kafaɗa da kafaɗa da Alhaji, kowane gargada sai ya ji kamar ana sake saransa. Ba su yi nisa ba ya lura numfashin da ke kusa da kunnensa ya tsaya. Ya gaya wa mai amalanken. Mutumin ya tsaya ya duba, ya ja yagaggiyar rigar ya rufe fuskar, suka ci gaba.

A hanya suka haɗu da motar jandarmomi, wani ya riga ya kira su. Aka mai da masu raunin cikinta. Sauran jandarmomin da suka ƙarasa garin sun tarar an yi wa Husseini wanka ana shirin kai shi. Suka jira aka rufe shi. Sufiyanu ya zuba ƙasa da hannuwansa masu rauni, ya juyo ya miƙa musu su. Aka tafi da shi da wasu mutum shida.

Sahabi ya farfaɗo a asibitin Gure, Kadija na zaune a gefen gado tana masa fifita. Likita ya ce an ceci hannun daga yankewa, amma jijiyar ta tsinke, da wuya ya sake ɗaguwa. Kunnen hagu kuma ya tafi.

Kadija ta jira likitan ya fita, sannan ta ce, "Baban Nafisa, mutumin da ya sa aka fasa maka baki, shi ka je ka kwanta a kansa?"

"Ba shi ya sa ba. Direbansa ne."

"Kuma bai hana ba."

"Bai hana ba."

"To don me?"

Sahabi ya juyo ya dube ta. Ya ce, "Na ga gawa ɗaya a ranar, ban so in ga ta biyu ba. Kuma na gani."

Shef ya zo duba shi da ledar lemo. Ya zauna a takure, ya yi masa sannu, ya ce an yi magana sosai a Damagaram kan lamarin. Wasu na cewa da Sahabi bai taɓa igiyar ba a ranar farko da zukata ba su yi zafi haka ba. Wasu kuma na cewa da an bar masa ikonsa da ba a kai nan ba. Za a sake duba dokar, in ji shi, wataƙila a ba jami'i damar tsai da aiki na ɗan lokaci in rai na cikin haɗari a fili.

"Wa zai riƙe mini mutanen in na tsayar?" in ji Sahabi. "Ranar ko da dokar na hannuna, sai sun doke ni. Ƙishirwa suke ji."

Shef ya ce wannan kuma ba aikin biro ɗinsu ba ne. Ya ajiye ledar ya tafi.

An cike rijiyar da ƙasa bisa umarnin hukuma, don bangonta ya riga ya lalace har sama. Mutanen Garin Abarshi suka ci gaba da ɗauko ruwa daga nesa har damina ta sauka. Kaltumi ta kwashi matar Husseini da jaririn suka koma wajen 'yarta a Bune. Sha'ibu ya warke da ɗingishi, ya bar garin. Iyalan Alhaji Abatcha sun zo gai da Sahabi sau ɗaya, babban ɗansa ya riƙe masa hannun hagu.

Bayan kaka aka yi shari'ar a Damagaram, aka kira Sahabi shaida. Ya faɗi abin da ya gani tun daga leƙawar farko, bai rage ba bai ƙara ba. Da alƙali ya tambaye shi ko Sufiyanu ne ya sari Alhaji, ya ce shi ne. Da aka tambaye shi ko ya gargaɗi Alhaji kafin rushewar, ya ce ya gargaɗe shi, kuma ya gargaɗi mamacin, da wansa, da shef ɗinsa. Aka yanke wa Sufiyanu shekaru masu yawa a gidan kaso. Sauran aka ba su kaɗan-kaɗan, aka saki biyu.

Sahabi na tsaye a inuwar bangon kotun, hannunsa rataye cikin ƙyalle, aka fito da fursunonin za a sa su mota. Sufiyanu ya rame, an aske masa kai. Da ya zo daidai Sahabi sai ya rage tafiya, mai gadin bai hana shi ba.

"Mushe, hannun fa?"

"Ba ya ɗaguwa."

Sufiyanu ya dubi ƙyallen. "Ba kai na nufa ba."

"Na sani."

"Ni na karɓe igiyar daga hannunka. Ni na zura shi da safen." Ya ɗago ya dubi Sahabi. "In ka bi ta Bune, ka duba mini inna. Ko ba ta amsa gaisuwarka ba."

Sahabi ya ce zai duba ta. Mai gadin ya taɓa kafaɗar Sufiyanu, ya hau, aka rufe ƙofa.

Ƙanen Kadija, Bubakar, shi ya rako shi, don har yanzu ba ya iya hawa mota shi kaɗai in akwai turereniya. Suka tafi tasha suka sami motar Gure ta kusa cika. Bubakar ya roƙi wani ɗan kasuwa ya bar masa wajen taga ta dama, inda ba mai bugun kafaɗar, mutumin ya dubi ƙyallen ya matsa ba musu. Sahabi ya zauna, ya gyara hannun a kan cinyarsa da ɗaya hannun, suka jira sauran fasinjoji.